Mai Tawada da Mai Sarari

Ku 'yan jami'a da kuke zuwa shagona da furojet a hannu, ku tsaya a kaina kuna latsa waya, na san abin da kuke faɗa. Makon jiya wata ta faɗa mini ido da ido: "Mama, ba huda takarda ne kawai a zura roba ba? Ko ni zan iya." Na huda mata, na zura robar, ta tare keke ta tafi. Gaskiyarta, wannan kowa zai iya. Amma tunda an ɗauke wuta, injin kuma ba zai tashi yanzu ba, ku ja bencin nan ku zauna in gaya muku abin da ake kira ɗinkin littafi.

Sunana Talatu. Na haura shekara talatin ina wannan aiki a Kafanchan, a wannan layi na bayan kasuwa. Wanda ya koya mini shi ne Baba Yohanna, abokin mahaifina a coci, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗinka takardun ofis a reluwe, da ya yi ritaya ya buɗe wannan shago. Ranar da na fara zuwa, wata tsohuwa ta kawo littafin waƙoƙinta a ƙulle cikin ɗankwali, bango ya tafi, shafuka sun yi laushi kamar dafaffen ganye. Na miƙa hannu zan taɓa, Baba ya buge mini yatsu. Ya tura mini tarin tsofaffin jaridu, ya ce, "Ninka." Wata uku ina ninka jarida. A nan na gane takarda tana da hanya kamar itace: ka ninka ta yadda take so, ta kwanta lumui, ka ninka ta a karkace, ta yi ta buɗe baki har ranar da za ta yage.

Kayan aikin da ya bar mini su ne waɗannan da kuke gani. Wannan ƙashin haƙarƙarin saniya ne, da shi ake goge ninki, ya yi santsi ne saboda hannu biyu sun tsufa a kansa. Wuƙar nan karyayyen zarto ce aka wasa. Ga basilla, ga zaren ɗinkin takalmi, ga kakin zuma da ake ja wa zaren don kada ya ci takarda. Wancan guntun ƙarfen layin dogo ne, shi nake ɗorawa a kan katako biyu in danne littafi ya kwana. Gam kuwa ba na saye. Sitacin rogo nake damawa da ruwan ganyen dogon yaro da aka tafasa har ya yi ɗacin da ko kyankyaso ba zai kusanta ba.

Wannan ruwan ɗaci shi ne labarin mummunar shekarata. Bayan rasuwar Baba, ana saura kwanaki Kirsimeti, mawaƙan coci uku suka kawo littattafansu a lokaci ɗaya, kowa yana so kafin ranar. Na dubi tarin, na dubi tukunya, na ce tsinko ganye da tafasa shi ɓata lokaci ne. Na dama sitaci da farin ruwa. Littattafan suka fito gwanin kyau, har a gaban jama'a aka yi mini godiya. Da damina ta sauka, kyankyasai suka shiga ta gadon bayan littattafan suka cinye gam ɗin daga ciki. Wata Lahadi, ana tsakiyar sujada, shugaban mawaƙa ya ɗaga littafinsa, shafuka suka zube a kan siminti. A buhu aka dawo mini da su. Na warware su duka, na sake ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya, amma magana ta riga ta zaga gari. Mutane suka koma kai aikinsu Jos. Na yi kusan shekara ina buɗe shago da safe, in share, in zauna ina ɗinka tsofaffin jaridu don kada hannuna ya manta. Tun daga lokacin, ko littafi ɗaya ne, sai na tafasa ganye.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa ya zo ne shekaru kaɗan da suka wuce, a farkon damina. Acaɓa biyu suka tsaya a ƙofa. Na farko ya sauke wani dattijo mai tabarau masu kauri, Malam Bitrus, tsohon hedimasta daga Madakiya. Na biyu ya sauke yayarsa, Mama Saratu, tsohuwar nas da ke zaune nan cikin gari, tana rungume da ƙaramin akwatin ƙarfe. Tun kafin su gaishe ni suke musu.

Da aka buɗe akwatin, ƙamshin tsohon mai ya cika shagon. Shafukan komik ne, irin littattafan zanen nan na Turawa masu labarin jarumai, ɗaruruwa, a warwatse, babu bango, babu shafin farko. Mama Saratu ta ce mahaifiyarsu tana sayar da ƙosai ne a tashar jirgi a lokacin da jirgi yake jirgi, kuma tana sayen tsofaffin takardu a dami don ƙunshi. Wata shekara damin da aka kawo mata duk komik ne da aka cire wa bango. Su biyu, suna 'yan firamare, suka riƙa zare shafuka suna ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma kafin uwarsu ta kai hannu. Wanda suka makara a kansa kuwa, ya naɗe ƙosai ya hau jirgi.

"Saboda haka labaranmu da yawa ba su da ƙarshe," in ji Malam Bitrus. "Wani a Enugu ya ci ƙosai da shi, ya share hannu, ya jefar ta taga."

Jarumin ɗaya ne a duk shafukan. Sunansa na Turanci yana nan a rubuce, amma ba su taɓa kiransa da shi ba, Mai Tsani suke ce masa. Wani ma'aikacin gidan waya ne, siriri, da jakarsa a kafaɗa, wanda yake iya taka iska kamar mai hawa matakalar bene da babu mai ganinta sai shi. Sai dai mutum biyu ne suka zana shi, kuma tunda sunayensu sun tafi tare da bango, yaran suka raɗa musu nasu: Mai Tawada da Mai Sarari.

"'Yata, ki raba mana su gida biyu," in ji Malam Bitrus. "Na Mai Tawada littafi ɗaya, nawa ke nan. Na ɗayan kuma ki ɗinka ma Yaya, ta je ta yi ta kallon farar takarda."

"Ka ji shi ko?" in ji Mama Saratu. "Mutum ya zubar da kwalbar tawada a kan shafi, wai shi ne gwani."

"Yaya, Mai Tawada yana zana mutum mai nauyi. In ya zana naushi, sai ki ji a haƙorinki."

"Shi ya sa ka yi shekara talatin kana dukan 'ya'yan mutane a makaranta."

Na tambaye su yaushe suke so. Malam Bitrus ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa. Ya ce likita ya gaya masa idanunsa suna tafiya, kuma ba irin tafiyar da ake dawowa ba ce. Gefe da gefe ya riga ya rufe, saura ɗan tsakiya kamar mai leƙe ta ramin makulli. A lissafinsa, in ya kai lokacin haƙar citta yana gani, ya gode wa Ubangiji. Yana so ya karanta su sau ɗaya a jere, kamar littafin gaske, kafin nan.

Aikin farko shi ne cire mai. Kowane shafi sai na barbaɗa masa garin alli, in rufe da farar takarda, in bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, in kakkaɓe, in sake. Inda ya yage, in liƙe da siririyar takardar nan da ake naɗe sabon takalmi. Kuma tunda shafukan ɗai-ɗai ne, babu ninkin da allura za ta bi, dole kowanne in liƙa masa ɗan tsiri a gefe wanda zai ɗauki zare. Wannan kaɗai ya ci mini mako uku.

Rabawar ita ce wuyar. Turancina na kasuwa ne, ba zai kai ni cikin labari ba, lambobin shafi kuma rabi sun tafi da mai. Sai na rufe ƙofa rabi da rana, na shimfiɗa shafukan a ƙasa tun daga bakin tebur har bango, na tsuguna ina kallon hannun mutanen nan biyu da ban san sunansu ba, ban san ƙasarsu ba, ban san ko suna raye ba.

Mai Tawada ba ya barin fari. Ruwan sama, hayaƙi, inuwar gini, duk sai ya cika. Yana son muƙamuƙi da dunƙulallen hannu. A kwana na uku na kama shi: bai iya ƙafa ba. Duk inda ƙafa za ta fito, sai ya rufe ta da ƙura ko ya yanke hoton a gwiwa. Mai Sarari kuwa layinsa siriri ne kamar zaren gizo, yakan ajiye jarumin ɗan ƙarami a kusurwa ya bar sauran shafin sama ce zalla. Shi ƙafa ce gwanintarsa. Za ka ga tsinin takalmi ya lanƙwashe a kan abin da babu, dunduniya ta ɗaga, har ka yarda akwai matakalar. Amma shi ma yana da abin da yake gudu: bai iya faɗa ba. In za a yi naushi, sai ya zana tsuntsaye suna tashi daga rufin gida, a hoto na gaba mugu yana ƙasa.

Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Hadari yakan taso ta bayan dutsen Kagoro, haske ya canza a kan shafukan, jan rigar Mai Tsani ya koma kamar garwashi. Wata rana da la'asar na fita shan iska, na tsaya a bakin dakalin shago, sai na ga na ɗaga ƙafa ɗaya na riƙe ta a sama ina lalube. Mai gyaran waya na kusa da ni ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce ƙafar ce ta yi sanyi.

Duk ranar Juma'a sukan zo duba aiki, kowa ya nemi labarin da ya fi so. Na Malam Bitrus shi ne na gadar da ta karye a ƙarƙashin jirgin ƙasa cikin guguwa, Mai Tsani ya riƙa shiga ta taga yana fito da fasinjoji ɗaya-ɗaya a bayansa, shafi goma sha shida babu inda ruwa ya tsaya. Yakan kai takardar har bakin hancinsa ya ce, "Dubi wuyansa, 'yata. Dubi jijiya. Wannan mutum ya gaji, amma zai koma." Na Mama Saratu kuwa babu mugu a ciki ko ɗaya. Wata tsohuwa ce da ruwan dam ya cinye ƙauyensu ta roƙi Mai Tsani ya hau da ita sama, ko za ta hango rufin gidan da aka haife ta a ƙarƙashin ruwa. Shafi goma sha biyu suna hawa kawai, tana hutawa, yana jiranta.

"Babu abin da ya faru a ciki," in ji Malam Bitrus.

"Na yi shekara talatin da biyar ina riƙe hannun marasa lafiya," in ji ta. "Na san lokacin da abu yake faruwa."

Sai ga wani labari mai shafi tara da ya ƙi shiga ko'ina. Ranar da matakalar ta ɓace wa Mai Tsani ce. Yana tsaye a bakin rufin dogon bene, a ƙasa gobara, mutane suna kiransa, ya miƙa ƙafa ya ji babu komai. Ya janye, ya sake miƙawa. A nan shafukan suka ƙare, sauran sun bi ƙosai. Wannan labari, ashe, shi ne kaɗai su biyun suka yarda ya fi duka, kuma tun suna yara kowa yake cewa na gwaninsa ne.

Na aro gilashin mai gyaran agogo, na yi yini biyu a kan shafi taran nan. Da suka zo na ce, "Baba, Mama, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Inuwar nan da hayaƙin nan, hannun Mai Tawada ne, babu shakka. Amma ku dubi ƙafar. Mai Tawada bai taɓa zana ƙafa irin wannan ba, ba zai iya ba. Ɗaya ne ya zana, ɗayan ya bi da tawada. Tare suka yi shi." Daga baya na ji cewa haka ake yi a wurin masu buga komik, wani ya yi fensir, wani ya bi.

Malam Bitrus ya karɓi gilashin, ya daɗe yana neman ƙafar da ɗan ganin da ya rage masa. Da ya same ta, ya ce, "To ai tawada ce a sama. Nawa ne."

"Gida na mai harsashi ne ko na mai fenti?" in ji Mama Saratu.

Na ce akwai wata hanya. Baba Yohanna ya taɓa nuna mini ɗinkin da ake haɗa littafi biyu baya da baya, bango ɗaya a tsakiya suna tarayya da shi, ka buɗe ta nan ka karanta ɗaya, ka juya ka buɗe ta can ka karanta ɗayan. Zan iya yin aljihu a bangon tsakiyar, in ɗinka shafi taran su kaɗai in zura a ciki. Sai dai littafin ba zai rabu ba.

"To wa zai riƙe?" suka tambaya a tare.

Na ce wannan ba ya cikin aikina. Suka tashi suka tafi, kowa a kan acaɓarsa, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Juma'a biyu ba wanda ya zo. Shafukan suna ƙarƙashin ƙarfen dogo, ganyen citta a gonaki ya fara ja, ni kuma ba na sa allura a kayan mutum sai da izininsa.

Ranar wata Talata Mama Saratu ta shigo ita kaɗai, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Talatu, na je Madakiya jiya. Ya zuba mini shayi, rabi a kofi, rabi a kan tebur, bai sani ba. Ki ɗinka yadda kika ce. A wurinsa zai zauna."

Kwana goma sha ɗaya na yi. Duk inda shafi ya ɓata na sa farar takarda a gurbinsa, don mai karatu ya san akwai abin da ya tafi. Gefen Mai Tawada na yi masa bangon baƙin yadi, gefen Mai Sarari shuɗi mai haske. Ranar da suka zo karɓa, Malam Bitrus ya fita da shi ƙarƙashin mangwaron can inda haske ya fi, ya zauna a kan wannan benci da kuke kai, ya fara daga baƙin bango. Tun hantsi har rana ta karkata yana bin shafi da hanci, yayarsa tana zaune a gefe tana kore masa ƙuda. Da ya kai ƙarshen labarin gada, ya rufe ya ce, "Ashe haka yake a jere." Ya samu kusan wata biyu yana gani bayan nan.

Littafi yana faɗin yadda aka yi da shi, in ka iya dubawa. Bana, bayan Ista, suka dawo da shi gyara, tana riƙe da hannunsa, shi kuma yana riƙe da littafin. Kafin su yi magana na juya shi a hannuna. Gefen baƙi yana nan kamar jiya na gama shi. Gefen shuɗi kuwa kusurwoyi sun lanƙwashe, yadin ya koɗe inda babban yatsa yake zama, zare ya saki a wuri biyu. Na san duk Asabar takan hau mota zuwa Madakiya ta zauna ta gaya masa abin da ke cikin hotunan. Sai na ce, "Mama, ashe naki kike ta karanta masa? An ci zalin Baba."

"Ni? Tambaye shi. Ina buɗe baƙin, sai ya ce in juya."

Malam Bitrus ya yi dariya, fuskarsa tana kallon wajen ƙofa inda yake jin iska. Ya ce, "'Yata, Mai Tawada gwani ne, ban janye ba, kada ki bari ta ce na janye. Amma baƙi ya ishe ni yanzu. Ina da shi safe da rana. In ta ce mini sama ce fara fat, ga ɗan mutum can a kusurwa, sai in ga wurin ya buɗe."

Na warware zaren, na ware shafukan da suka saki, na ja sabon zare a kaki. Aikin awa biyu ne, na ce su je su dawo, suka ce za su jira. Mama Saratu ta zaro ɗan littafin nan mai shafi tara daga aljihun tsakiya, tunda shi ba ya buƙatar gyara, ta gyara tabarau, ta fara. Ina ɗinki ina jin su. Ba ta karanta rubutun, hoton take faɗa: ga hayaƙi ya taso ta hagu, ga jakar wasiƙu ta zame daga kafaɗa, ga mutane can ƙasa kamar ƙwayar gero. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai shafi na tara, wanda daga shi sai farar takarda.

"Ƙafar tana ina yanzu, Yaya?"

"Tana kan iska. Bai taka ba tukuna."

"Dunduniyar fa?"

"Ta ɗaga kaɗan."

Ya gyara zama, ya jingina kansa da bango, ya ɗora hannu a kan nata don kada ta juya shafin.

"To bar shi a nan," in ji shi. "Ina kallo."